Dokina ya daina taƙama tun bayan hawan sallah: tarnaƙi zan mayar masa ko yaya?

Mai Bikili:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni a harkar nan. Bara kafin azumi na sayi wani doki bikili, ingarma ɗan shekara 7. Ba kyan jiki ya ja ni ba, taƙamarsa ce. Ranar da na gwada shi, tun daga bakin kasuwa har ƙofar gida ko hulata ba ta motsa ba. Kofatan nan huɗu suna sauka ɗaya bayan ɗaya, daidai wa daida, kai kuma kana zaune kamar a kan tabarma.

To tun bayan babbar sallah abin ya sauya. Kwana 3 muka yi a jere muna hawa, da cikakkun kaya. Yanzu in na ɗora shi a kan taƙama, taku 20 ko 30 zai yi ya wargaza, ya koma sassarfa yana jijjiga ni. In na ja linzami sai ya cilla kai sama. In an zo ɗaura sirdi yana kwantar da kunnuwa, abin da bai taɓa yi ba. Ci kuwa yana ci, yana shan ruwa, kashinsa lafiya lau. Na sa yaro ya ja shi a gabana, ban ga ɗingishi ba. Wanda ya sayar min ya ce sangarta ce, in mayar masa da tarnaƙi na mako 2 zai dawo hanya. Me kuka gani?

Ɗan Sukuwa:
Wa alaikumus salam. Yaya, gaskiya mutumin ya faɗa maka. Doki ya ƙoshi ne ya raina ka. Ka sauya masa linzami mai ɗan nauyi, ka sa tarnaƙin, kwana 5 ya isa. Nawa ma ya taɓa yi min haka.

Baban Barga:
Ɗana Mai Bikili, sannu da ƙoƙari. Kafin in ce komai ka ba ni amsar abu uku. Yaushe rabon da a gyara masa kofato? Sirdin da ka yi hawan sallah da shi, nasa ne ko aro ka yi? Hatsi nawa kake ba shi a rana, kuma ka rage bayan sallah ko yana nan yadda yake?

Tarnaƙi ba laifi ba ne a wurinmu. Da shi na ga iyayenmu suna koya wa duƙushi taku: a haɗa ƙafar gaba da ta baya ta gefe ɗaya da igiya mai laushi, a riƙa jan sa a hankali cikin rairayi har ya gane. Amma wannan na mai koyo ne. Dokin da ya shekara 7 yana taƙama ba ya mantawa a kwana 3.

Mai Bikili:
Allah ya ƙara girma, Baba. Kofato tun watan azumi ba a taɓa ba, ya kusa wata 4 ke nan. Sirdi kuwa na abokina ne, don nasa ya fi nawa ado. Hatsi, gero mudu 2 da dusar alkama, safe da yamma. Ban rage ba.

Baban Barga:
To ka ji. Ka riga ka ba kanka amsa, saura a duba wanne ne a ciki.

Likitan Dabbobi:
Assalamu alaikum. Baba ya riga ni, kuma tambayoyinsa su ne nawa. Malam Mai Bikili, don Allah kada ka sa tarnaƙin nan, kada kuma ka sauya linzami. Bari in ɗan tsawaita, don wannan kuskure ne da nake yawan gani.

Mu likitoci da sassarfa muke gane ɗingishi. A sassarfa ƙafafu biyu-biyu suke sauka, ta gaba ta dama tare da ta baya ta hagu, sannan ɗaya ɓangaren. Idan ƙafar gaba ɗaya na ciwo, da ta taɓa ƙasa sai doki ya ɗaga kai don ya rage mata nauyi, in lafiyayyar ta sauka ya sauke kan. Ko yaro zai gani. Taƙama ba haka take ba. Ƙafar baya ta hagu, sai ta gaba ta hagu, sai ta baya ta dama, sai ta gaba ta dama, kuma ba a samun lokacin da duka huɗun suka bar ƙasa. Abin da ya sa kake jin daɗin zama ke nan, kuma shi ne ke ba doki damar raba nauyi ya ɓoye ciwo. Saboda haka a dokin taƙama, alamar farko ba ɗingishi ba ce. Alamar farko ita ce wargajewar takun. Dokinka ya riga ya faɗa maka akwai matsala ta hanya uku: taku ya lalace, yana cilla kai, yana ƙin sirdi.

Ga abin da za ka yi yau da hannunka. Cire masa komai, ka bi gadon bayansa da yatsu kana dannawa a hankali, daga tudun kafaɗa har ƙugu, gefe da gefe. Ka lura da inda zai lanƙwashe ko fatar ta yi rawa, da inda gashi ya tashi ko wurin ya fi zafi. Sannan ka dafa kofatan huɗu da tafin hannu da sassafe, kafin rana ta buga su. Idan ɗaya ya fi sauran ɗumi, ka riƙe wannan. Ka sa yatsa a bayan idon sawu, akwai jijiyar jini a nan, a lafiyayyen doki da ƙyar ake jin bugunta. In ka ji tana harbawa da ƙarfi, akwai abu a cikin kofaton. Ka auna zafin jikinsa ta dubura, lafiyayye yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. Bugun zuciya kuma 28 zuwa 44 a minti in yana hutawa.

Ɗan Sukuwa:
Likita, da girmamawa, amma ku komai ciwo ne a wurinku. Doki dabba ce mai wayo, yana gwada mai shi. Ni nawa da na matsa masa ai ya dawo.

Likitan Dabbobi:
Ƙanena, ba na musun doki yana gwada mutum. Amma wanda ke gwada ka tun ranar farko yake yi, ba bayan shekara guda yana biyayya ba. Kuma doki zai iya komawa taƙama saboda tsoron linzami alhali ciwon na nan yana ci. Linzaminmu na gargajiya mai zobe a haɓa ka san ƙarfinsa, yana iya tsaga harshe da dasashi. Doki zai zaɓi ciwon da ya fi sauƙi ne kawai. In an duba ba a ga komai ba, sai a koma maganar horo. Duba dai ba ya cin ko sisi.

Ɗan Damagaram:
Ni geron nan ne ya tsaya min a rai. Mudu 2 safe da yamma ga dokin da ba ya aiki tun sallah? Malam, wuta kake haɗawa. Mu a nan haka muka rasa wani hurde na gidanmu. An ɗura masa hatsi don hawa, hawa ya wuce aka ci gaba. Wata safiya muka tarar ya miƙe ƙafafun gaba ya koma da nauyinsa baya, kamar mai shirin zama, kofatai zafi rau. Tun daga nan bai ƙara moruwa ba, kofaton ya riƙa fitowa da layi-layi kamar ƙahon rago.

Likitan Dabbobi:
Allah ya mayar da alheri. Abin da ya same shi kumburin naman da ke riƙe ƙashi da bangon kofato ne, kuma yawan hatsi na cikin manyan sanadinsa. Cikin doki ƙarami ne, bai fi lita 8 zuwa 15 ba, an halicce shi ne ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan yini guda. In hatsi ya yi yawa sai ya wuce zuwa babban hanji bai narke ba, ya yi tsami a can, gubar ta bi jini ta sauka a kofato. Tushen abincin doki ciyawa ce da harawa da ingirici, kamar kilo 1.5 zuwa 2 na busasshe a kan kowane kilo 100 na nauyinsa. Dokin da ya kai kilo 300 ke nan yana son kilo 4.5 zuwa 6 a yini. Hatsi ƙari ne, gwargwadon aiki.

Dusar alkama ma a yi hattara. In ta zama ita ce rabin abinci, tana hana jiki samun sinadarin da ke gina ƙashi, har ka ga ƙashin fuska ya kumbura, doki yana ɗingishi yau wannan ƙafa gobe waccan. Harawar wake da ta gyaɗa suna cike wannan giɓin, muddin ba su yi fumfuna ba.

Hajiya Mai Goɗiya:
Sallama gare ku. Ni goɗiya ce da ni, gadon mahaifina, 'ya'yana ke hawa. Abin da nake so in ce wa masu sha'awar saye: kuɗin doki ba ranar ciniki yake ba. Kowa na son ya ga kansa a hawan daushe, balle yanzu da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, samari sai ƙara shigowa suke. Amma hawa kwana nawa ne a shekara? Sauran kwanakin fa?

Ni kullum da asuba sai an share barga an kwashe kashi, an ɗaga ƙafa huɗu an sakace kofato. Ruwa bokiti 2 zuwa 3, da bazara ya fi haka. Harawa da kaka nake saye in jibge a rufin ɗaki, don in ka bari sai watan azumi ya faɗo a rani, kuɗinta kaɗai zai sa ka yi tunanin sayar da dabbar. Sannan ƙilisa. Dokin da aka ɗaure a turke wata 3, ranar sallah a ɗora masa lifidi ko jalala da ƙaton mutum, a yini a rana, ba dole bayansa ya mutu ba? Mu ma in mun daɗe ba mu yi daka ba, ranar da muka ɗauki taɓarya ai sai hannu ya yi bororo.

Wani abu kuma: leda. Ku tsince leda daga inda doki ke tsayawa. Goɗiyar maƙwabcinmu leda ce ta toshe mata hanji.

Baban Barga:
Hajiya, Allah ya yi albarka, kin faɗi gaskiya. A da mai doki ba ya karyawa sai ya ga dokinsa ya karya. Kuma kowane doki da sirdinsa. Sirdi itace ne, an sassaƙa shi ne a kan faɗin wani baya. Ka ɗauki na siririn doki ka ɗora wa mai faɗi, zai cije shi a kafaɗa. Ka ɗauki na mai faɗi ka ɗora wa siriri, zai zauna a kan ƙashi. Kauri ko yawan zubka, wato shimfiɗar da ake sawa ƙarƙashin sirdi, ba ya gyara wannan. In ka sauke sirdi bayan tafiya, ka dubi zufa: in ko'ina ya jiƙe sai wuri ɗaya kamar tafin hannu ya bushe, nan ne ake danne shi. Wata biyu sai ka ga farin gashi ya fito a wurin.

Amma Likita, akwai inda zan ja da kai. Ka ce kada a sa tarnaƙi, na yarda a wannan dokin. Sai dai na ji wasunku na cewa taƙama ba a koyar da ita, wai a jini take. Ni da hannuna na koya wa dawaki sun fi 30.

Ɗalibi a Turai:
Baba, Allah ya ja kwana, bari in sa baki a nan don na ɗan ga wani abu. A ƙasar Ayislan suna da wasu gajerun dawaki masu irin wannan taku, suna kiran sa tölt. Na hau ɗaya a wata gona a Suwidin, wallahi ina rufe ido sai na ji kamar ina kan dokin kakana. A 2012 masu bincike a Uppsala ta ƙasar Suwidin suka gano wani ƙwayar gado da ake kira DMRT3, wanda ke shafar yadda laka ke tsara motsin ƙafafu. Dawakin da suka gaji wani sauyi a cikinsa su ne taku irin wannan ke zo musu da sauƙi. An same shi a dawakin Ayislan, da na Tenesi a Amurka, da Paso Fino na Kudancin Amurka. Amma su ma can sai an horar da dokin kafin takun ya tsaya daidai. Ina ganin ku biyun duk kuna kan gaskiya.

Baban Barga:
To ɗana, a cikin 30 ɗin nan akwai waɗanda kwana 10 suka kama, akwai wanda na yi wata 3 ina fama, da an cire igiya sai ya koma sassarfa. Mukan ce wannan ba shi da ƙafa. Kuma in za mu sayi duƙushi mukan tambayi uwarsa. Ashe abin da kuka ba suna ke nan. Na karɓa, amma rabi. Jini ba ya hawa doki, mutum ne ke hawa.

Ɗalibi a Turai:
Haka ne Baba. Abin da ya sa ma na kawo Amurka: can son a ga doki yana ɗaga ƙafa sama a wurin gasa ya kai wasu suna shafa wa dawakin Tenesi sinadari mai ƙuna a sawu, su sa sarƙa a kai, don zafi ya sa ya riƙa fizge ƙafa. Sai da majalisarsu ta yi doka a 1970 ta haramta. Da na ji ana cewa a ƙara nauyin linzami, abin da ya faɗo min ke nan.

Ɗan Sukuwa:
Haba ɗan'uwa, ina linzami ina ƙona ƙafa? Kada ka haɗa ni da waɗannan. Ni ina son dokina.

Ɗalibi a Turai:
Yi haƙuri, ban ce kai haka kake ba. Na san kana son sa.

Mai Bikili:
Jama'a na gode. Na dawo daga barga yanzu. Likita, na yi yadda ka ce. A bayan kafaɗar hagu akwai wuri kamar faɗin kwai, gashin ya tashi, da na danna sai ya durƙusa kaɗan ya waiwayo zai cije ni. Na buɗe gashin, akwai ɓawon miki a ƙasa. Wallahi kullum ina goge shi ban taɓa lura ba. Kofaton gaba na dama kuma ya fi sauran ɗumi, jijiyar tana harbawa. Zafin jiki 38.2. Wani a unguwa ya ce in kawo a yi masa sakiya, mikin kuma a shafa baƙin mai. Akwai kuma mai kemis da ya ce akwai allurar kashe zafi.

Likitan Dabbobi:
Madalla da ka duba. Kofato ɗaya kaɗai da zafi ya fi kama da ƙurji a ciki, wataƙila tsakuwa ko ƙusa ya taka a hawan. Da biyun gaba ne tare, da na fi tsoron irin na Ɗan Damagaram. Amma daga waya ba zan yanke ba, ka nemo likita ya zo da abin matsa kofato ya gano wurin ya buɗe.

Baƙin mai kada ya kusanci mikin, yana ƙona nama ne. Ruwan gishiri mai ɗumi, cokalin shayi 2 a lita 1, safe da yamma, a kare shi daga ƙuda. Sirdi kuma ba shi ba bayan nan sai fata ta rufe gashi ya fara fitowa. Allurar kashe zafi kada a yi kafin likita ya gani, za ta rufe alamar da yake nema, kuma yawanta na cin ciki da ƙoda. Abin da ya fi damuna shi ne tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki. Doki na cikin dabbobin da ta fi saurin kamawa, ƙwayarta tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, rami a kofato kuwa shi ne ƙofarta. In ba a taɓa yi masa rigakafi ba ka faɗa wa likitan tun a waya, ya taho da maganin.

Tunda damina ce, bari in ƙara wa kowa. Maganin kaska na shanu mai amitraz kada a wanke doki da shi, yana tsayar masa da hanji har ya kashe. Abincin kaji ma a nisanta, wani ana sa masa maganin da ake kira monensin, guba ce ga doki ko kaɗan ne. Kaskar a cire da hannu ko a tambayi wanda ya dace, don tana sa zazzaɓin da ke mayar da ido da dasashi rawaya. Da magariba a shigar da doki barga a yi hayaƙi, saboda 'yan ƙananan ƙwarin da ke ɗauko cutar nan mai kumbura saman ido ta cika huhu da ruwa. Waɗanda suka ga murar da ta bi jakuna da dawaki a Sakkwato da Nijar daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 sun san amfanin ware sabon doki mako 2 kafin a haɗa shi da na gida.

Ɗan Damagaram:
Mun gani kam, jakunan garinmu sun sha wuya a shekarar. Likita, kanwa fa? Mu ba ma raba doki da ita.

Likitan Dabbobi:
'Yar kaɗan a ruwa lokaci-lokaci ban hana ba, amma a ajiye wani ruwan zalla kusa, don wani dokin in ya ji ɗanɗanon sai ya rage sha, daga nan ciki ya ƙulle. Gishiri ya fi zama dole ga dokin da ke zufa. Kanwa kuma ba ta kashe tsutsar ciki.

Baban Barga:
Nan kam ba za mu daidaita ba, Likita. Shekara 40 ina ba su jar kanwa. Amma maganin tsutsar naku ma ina saye, ba na ɓoyewa.

Mai Bikili:
Assalamu alaikum, bayan kwana 9 ga ni. Likita ya zo washegari. Ya matsa kofaton, da ya zo gefen ciki doki ya fizge. Ya ƙwaƙule wurin da 'yar wuƙarsa sai ga baƙin ruwa mai wari ya fito, kusan cokali guda. Ya wanke, ya naɗe, ya yi allurar tetanus, ya rage tsawon kofatan huɗu, ya ce kada in sake wuce mako 6 zuwa 8 ban gyara ba. Ya leƙa baki kuma ya ga turamen sama sun yi kaifi sun yanki kumatu, ya goge su. Ashe cilla kan da yake yi ke nan. Gero na mayar rabin mudu, na ƙara harawa.

Jiya da yamma yaro ya ja shi da ragama a rairayin bayan gida, ba sirdi ba kowa a kai. Da kansa ya ɗauki taƙama, tun daga bakin rijiya har gindin darbejiya bai wargaza ba. Na tsaya ina jin sautin, sai da idona ya kawo ruwa.

Mikin baya bai gama rufewa ba, sai nan da mako 3 in ji likita. Baba, sirdin abokina na mayar masa. Nawa ma ina shakkar sa yanzu. In na kawo shi da dokin ranar Asabar, za ka duba min zamansa?

Baban Barga:
Kawo shi da hantsi, kafin rana ta yi zafi. Ka taho da zubkar da kake sawa a ƙasa, ita ma ina son in gani.